Sauya Jami'a: Gurbi Ake Fara Ƙirgawa Kafin Maki

Akwai tambayar da kusan duk malamin jami'a a ƙasar nan ya saba ji, musamman a tsakanin ƙarshen wata shekarar karatu da farkon wata: "Malam, ina so in koma jami'a kaza, kana ganin za su ɗauke ni?" Wani lokaci ɗalibin ne da kansa, wani lokaci mahaifi ne ko yaya, ko kuwa mijin da ya auri ɗaliba tana aji biyu. Kusan kullum mai tambayar yakan zo da lamba ɗaya a bakinsa, wato makin da ya ci a jarrabawar JAMB ko matsakaicin sakamakonsa da ake kira CGPA, yana jiran a ɗora lambar a ma'auni a ce masa i ko a'a. Wannan lamba tana da muhimmanci, amma ba ita ake fara dubawa ba. Abin da ake fara dubawa shi ne ko akwai kujerar da babu kowa a kanta a ajin da yake son shiga. Mafi yawan takardun neman sauyi da na ga sun faɗi, a nan suka faɗi, tun kafin wani ya buɗe sakamakon mai su.

Ya kamata a fara fahimtar cewa sauya jami'a ba haƙƙi ba ne da ɗalibi zai tsaya a kai ya ce sai an ba shi. Roƙo ne, kuma Majalisar Dattawan jami'ar da ake son shiga ita ke da ikon amsawa ko ƙi, bayan sashe da tsangaya sun duba sun ba da shawara. Kowace jami'a tana da nata ƙa'idojin: mafi ƙarancin CGPA da take karɓa, ajin da take yarda a shiga, da kwasa-kwasan da ba ta buɗe musu wannan ƙofa kwata-kwata. Don haka labarin "ai ɗan unguwarmu ya koma bara" ba hujja ba ce. Wace jami'a ya koma, wane sashe, kuma a wace shekara? Amsar waɗannan tambayoyi takan rushe kwatancen gaba ɗaya.

Dalilan da ke sa a nemi sauyin ba ɓoyayyu ba ne. A shekarar 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba, sannan a 2022 ta sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Iyaye masu hali da dama sun kwashe 'ya'yansu zuwa jami'o'i masu zaman kansu a waɗannan shekaru, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai gudun yajin aiki daga wata jami'ar gwamnati zuwa wata caca ce. Jami'ar Ilori ta shafe shekaru masu yawa ba ta shiga yajin aikin ASUU ba, har hakan ya sa ta daɗe tana kan gaba wajen yawan masu zaɓenta a JAMB. Amma da yajin aikin 2020 ya zo, ita ma ta rufe azuzuwanta. Wanda ya yi asarar shekara guda don ya koma can saboda wannan dalili kaɗai, ya tarar da abin da ya gudo wa yana jiran sa.

Akwai kuma tsaro. Bayan sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen hayarsu a Sabon Gida a watan Satumban 2023, da sace wasu ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsinma a watan Oktoban wannan shekarar, duk uban da ya ce hankalinsa bai kwanta da zaman 'yarsa a nesa ba, babu mai ce masa don me. Ga kuma tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, wadda ta juya akalar tafiyar: yanzu masu neman barin jami'o'i masu zaman kansu, da masu dawowa daga ƙasashen waje, su ne ke ƙwanƙwasa ƙofar jami'o'in gwamnati. Bashin karatu na asusun NELFUND, wanda aka buɗe shafin nemansa a watan Mayun 2024, ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ya shafa, kuma wannan ma ya ƙara wa ƙofar cunkoso.

Babu abin da ya fito da yadda tsarin yake a fili kamar yaƙin Sudan. Da faɗa ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗalibanmu da yawa, akasarinsu 'yan Arewa, suna can suna karatun likitanci da harhaɗa magunguna da shari'a da Larabci. An kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar da kuma Port Sudan, aka fara sauke su a Abuja a farkon watan Mayu. Hukumar JAMB ta yi alkawarin taimakawa a shigar da su jami'o'in gida, amma shugabanta, Farfesa Is-haq Oloyede, ya faɗa tun a lokacin cewa dole a bi ƙa'ida, a kawo takardun sakamako, kuma babu jami'ar Nijeriya da za ta ba da digiri ga wanda bai zauna a cikinta shekara biyu ba. Ma'anar wannan ita ce ɗalibin da saura masa shekara ɗaya ya gama a Khartum, dole ya ja da baya. Kuma ta ina za a samo takardar sakamako daga jami'ar da ma'aikatanta su ma gudun tsira suke yi? Waɗanda suka baro Yukren a 2022 sun gamu da irin nasu cikas, domin hukumar kula da likitoci ta MDCN ta sanar cewa ba za ta amince da digirin likitancin da aka kammala ta intanet a lokacin yaƙin ba. Idan har waɗanda yaƙi ya koro, gwamnati da jama'a na tausaya musu, ba a ɗage musu ƙa'ida ba, to wanda kawai garin ne bai yi masa ba sai ya san inda ya tsaya.

Bari mu koma kan maganar gurbi, domin ita ce zuciyar al'amarin. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje. Jami'a kuma ta raba wannan adadi ga tsangayoyi da sassa. Mai neman sauyi ba aji ɗaya yake nema ba. Galibi aji biyu yake son shiga, wani lokaci aji uku, kuma ban san jami'ar da ke karɓar mutum kai tsaye zuwa ajin ƙarshe ba. To su wa ke kan layin aji biyu? Da farko akwai 'yan gida, waɗanda suka ci jarrabawar aji ɗaya suka hau. Akwai waɗanda suka maimaita ajin. Akwai masu shigowa kai tsaye da takardar NCE ko difloma ko IJMB ko JUPEB, waɗanda su ma ta hannun JAMB suka biyo kuma an ware musu kasonsu. Akwai ɗaliban jami'ar kanta masu neman sauya kwas daga wani sashe zuwa wani, waɗanda shugaban sashe ya san malamansu, ya san ma'aunin da aka auna su da shi. Bayan duk waɗannan ne baƙo daga wata jami'a zai zo.

Mu ƙaddara, don misali kawai, sashe yana da ikon riƙe ɗalibai 120 a aji biyu. Mutum 100 sun hau daga aji ɗaya, 5 sun maimaita, 12 sun shigo kai tsaye. Kujeru uku suka rage, kuma akwai 'yan gida goma masu son dawowa sashen. A irin wannan hali, baƙo ko da ya zo da sakamako mai daraja ta ɗaya, damarsa ƙarama ce ƙwarai. A sashen da ke maƙwabtaka da shi kuwa, inda aka ba su gurbi 80 amma mutum 50 kaɗai suka yi rajista, ɗalibi mai matsakaicin sakamako zai iya shiga ba tare da wata wahala ba. Jami'a ɗaya ce, tsangaya ɗaya, shekara ɗaya. Shi ya sa tambayar "jami'a kaza tana karɓar masu sauyi?" ba ta da amfani sosai. Tambayar da ke da amfani ita ce: sashe kaza, a aji kaza, bana, kujera nawa ta rage? Kuma wanda ya san amsar ba mai shagon kwamfuta na bakin ƙofar jami'a ba ne. Shugaban sashe ne, ko jami'in jarrabawa na sashen, ko ofishin harkokin karatu da ke ƙarƙashin magatakarda.

A likitanci da shari'a da aikin jinya da harhaɗa magunguna, ƙofar ta fi haka ƙunci, saboda ban da NUC akwai hukumomin sana'a da ke sa nasu adadin. MDCN tana ƙayyade wa kowace kwalejin likitanci yawan waɗanda za ta horar, Majalisar Ilimin Shari'a kuma tana ƙayyade wa kowace tsangayar shari'a yawan waɗanda za ta tura Makarantar Horar da Lauyoyi. Waɗannan hukumomi ba wasa suke yi ba: a watan Janairun 2025 JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban shari'a a jami'o'i takwas saboda hukuncin da Majalisar Ilimin Shari'a ta yanke musu. Shugaban tsangayar da ya ga haka ba zai ƙara ko mutum ɗaya a kan adadinsa don ya faranta wa wani rai ba. Ina faɗa wa iyaye wannan a kai a kai, domin akwai wata dabara da ta yaɗu: a sa yaro ya karɓi kwas ɗin kimiyya a wata ƙaramar jami'a, da niyyar bayan shekara guda a "juyo da shi" likitanci a babba. Yakan faru jefi-jefi, kuma labarin wanda ya dace shi ke yawo a gari. Labarin sauran ba mai ba da shi.

Idan an tabbatar akwai gurbi, sai a zo kan takardu. Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne sakamakon sakandare. Jami'ar da za ka koma za ta auna ka kamar sabon shiga: kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, ciki har da Turanci da Lissafi ga mafi yawan kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, wasu sassan ma zama ɗaya kawai suke karɓa. Na sha ganin ɗalibi mai kyakkyawan CGPA an mayar masa da takardunsa saboda ba shi da kiredit a Fiziks ko Adabin Turanci, alhali jami'arsa ta farko ta kau da kai ta ɗauke shi a haka. Wasu jami'o'in kuma sukan duba darussa huɗun da ya rubuta a JAMB da makin da ya ci, su kwatanta da makin da suka yanke wa sashen a shekarar da ya shiga. Hikimar a bayyane take: ba sa so sauyi ya zama ƙofar baya ga wanda ƙofar gaba ta ƙi.

Sai CGPA. A ma'aunin maki biyar da akasarin jami'o'inmu ke amfani da shi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramar daraja ta biyu daga 2.40, ta uku kuma daga 1.50. Mafi ƙarancin abin da jami'a ta rubuta a ƙa'idarta izinin shiga gasa ne kawai, kamar kuɗin shiga kasuwa. Inda masu nema suka fi kujeru yawa, daga sama ake ɗebowa. Ɗalibai da yawa sukan ce za su jira shekara ɗaya su "gyara" sakamako sannan su nema. Niyya ce mai kyau, amma a yi lissafi tukuna. Wanda ya ɗauki kwasa-kwasai masu nauyin 36 a aji ɗaya ya fita da 2.25, jimillar makinsa 81 ke nan. Idan yana so ya kai 3.50 a ƙarshen aji biyu da wani nauyin 36, dole jimillar ta zama 252, wato sai ya samo 171 a shekara guda, matsakaicin 4.75. Kusan A a kowane kwas ke nan, daga mutumin da bara C da D yake ci. Ba na cewa ba zai yiwu ba. Ina cewa a ɗauki biro da takarda a ga girman dutsen kafin a ɗaura ɗamarar hawa. Wanda kuwa jami'arsa ta sallama saboda faɗuwa, ko ta kora saboda satar jarrabawa, kada ya ɓata kuɗin fom, domin takardar shaidar kyakkyawan hali daga inda ya baro tana cikin abin da ake nema.

Ana kuma duba inda mutum ya fito, ko da ba a rubuta hakan a ƙa'ida ba. Kwamiti zai tambaya ko NUC ta amince da kwas ɗin da yake yi a can. Idan daga ƙasar waje ne, sai an tantance jami'ar da takardunta ta hannun Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Tun bayan da wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa a ƙarshen 2023 yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun jamhuriyar Benin da Togo a watan Janairun 2024, duk takardar da ta tsallako iyaka da ido biyu ake karanta ta. Wannan ya cutar da ɗalibai masu gaskiya da suka yi karatu na haƙiƙa a maƙwabtan ƙasashe, amma haka lamarin yake a yanzu.

Takardar cikakken sakamako, wadda ɗalibai ke kira tiranskirif, ita ce ke kashe lokaci fiye da komai. Ba a karɓar wadda ɗalibi ya riƙo a hannunsa. Daga ofishin magatakarda zuwa ofishin magatakarda take tafiya. A nan kuwa laifin namu ne, mu ma'aikatan jami'a. Na san ɗalibar da sashen da take nema ya amince da ita, tsangaya ta amince, amma takardar sakamakonta ta kwana a kan wani tebur a jami'ar da za ta baro har Majalisar Dattawa ta yi zamanta ta rufe maganar shekarar. Ba wanda ya ƙi ta. Jinkiri ne kawai ya cinye mata shekara. Duk mai niyyar sauyi ya fara neman wannan takarda tun kafin a fara sayar da fom, ya kuma bi ta da ƙafarsa ofis-ofis, kada ya dogara da "an ce an tura".

To a ce an dace, an samu. Nawa ne kuɗin cinikin? Ba na nufin kuɗin fom. Mafi yawan masu sauyi sukan yi asarar shekara guda, wasu biyu. Wanda ya gama aji biyu sau da yawa aji biyu za a sake sa shi, kuma ko an ɗora shi a gaba, za a bi kwasa-kwasansa ɗaya bayan ɗaya a ga waɗanda suka yi daidai da na sabon wurin. Waɗanda ba su yi ba sai ya ɗauko su daga ƙananan azuzuwa ya haɗa da nasa, jadawalin lacca yana cin karo, na jarrabawa ma haka. Sabon kundin manhaja na CCMAS da NUC ta ƙaddamar a watan Disambar 2022 ya tanadi cewa kashi 70 cikin 100 na abin da ake koyarwa a kowane kwas iri ɗaya ne a duk jami'o'in ƙasar, kashi 30 kuma kowace jami'a ta tsara nata. Mu malamai mun yi ta muhawara a kan wannan kundi, kuma ina cikin masu ganin ya rage wa jami'o'i 'yancinsu. Amma ta fuskar mai sauya jami'a alheri ne, domin ya kamata a ce yanzu kwasa-kwasan aji ɗaya da na aji biyu sun fi saurin dacewa da juna. Abin da ya rage shi ne kwamitocinmu su daina mayar da ɗalibi baya don al'ada kawai. Wajibi ne kuma ɗalibi ya tambaya tun da wuri ko makin da ya tara a can za a haɗa shi cikin lissafin darajar digirinsa, ko kuwa daga sifili zai fara, domin jami'o'i sun sha bamban a kan wannan.

Shekara guda ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ya shiga jami'a a makare. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammala digiri ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba shi, kuma bankuna da kamfanoni da hukumomin tsaro da dama suna sa iyakar shekaru a tallar ɗaukar aiki. Ga kuma bambancin kalandar karatu, wanda yaje-yajen aiki da annobar korona suka hargitsa: wata jami'ar tana zango na biyu, wata ba ta fara rajista ba. Mutum zai iya barin nan a tsakiyar shekara ya zauna a gida wata shida yana jiran can.

Akwai wani tarko da ba ya bayyana sai ranar da aka gama. Tun 2017 da JAMB ta kafa tsarin CAPS, duk gurbin da bai bi ta cikinsa ba, a wurin hukumar haramtacce ne, kuma hukumar NYSC ba ta kiran wanda sunansa ba ya cikin kundin ɗaliban JAMB. Ɗalibin da ya sauya jami'a amma bayanansa a JAMB suna nuna tsohuwar jami'a da tsohon kwas, zai yi karatunsa lafiya, ya ci jarrabawa, ya sa rigar yaye, sannan ya ga abokansa sun tafi sansani shi yana zarya tsakanin ofisoshi. Don haka sauyi bai kammala ba sai an gyara shi a JAMB, an fitar da takardar da ke ɗauke da sunan sabuwar jami'a. A wannan gaɓa ce 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Duk wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa na kansa zai "shigar da suna", ko malami ne ko ma'aikaci, a guje shi. Takardar da ba ta fito daga ofishin magatakarda ba, kuma ba ta bayyana a shafin JAMB ba, takarda ce kawai.

Ga ɗalibin aji ɗaya da ke son sauya kwas da jami'a gaba ɗaya, sau da yawa sake rubuta JAMB ya fi neman sauyi tabbas, tunda shekarar dai ko ta wace hanya za ta tafi. A nan ma sai an iya auna dama. Makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin makarantu, 140 a 2024 da 150 a 2025 ga jami'o'i, shi ne ƙasan da ba a yarda a sauka ƙarƙashinsa ba; ba shi ne makin shiga kowane sashe ba. A 2024 kimanin kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka fitar da sakamakonsu ba su kai 200 ba cikin 400, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika dubu tara ba a duk ƙasar. Wannan yana nuna cewa mai 250 yana cikin 'yan ƙalilan, amma waɗannan 'yan ƙalilan ɗin kusan duk wuri ɗaya suke rububi, wato likitanci da shari'a da aikin jinya da kimiyyar kwamfuta a manyan jami'o'i. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda suka haɗa da akasarin jihohin Arewa da wasu na Kudu irin su Bayelsa da Ebonyi. Saboda haka maki ɗaya zai iya shigar da ɗan wata jiha ya bar ɗan wata a waje. Wanda yake son sanin matsayinsa ya nemi makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka daga jiharsa a wannan sashe bara da bara waccan, kada ya tsaya kan makin da aka buga a sanarwa. Ya kuma tuna cewa jami'o'in da ake rububinsu ba sa waiwayar wanda bai sa su a zaɓin farko ba.

Akwai rukunin da nake ba shawarar su zauna inda suke, ko da gurbin ya samu: masu neman sauyi don suna kawai. Yaro yana karatu lafiya a Dutse ko Kashere ko Gashuwa, yana kan babbar daraja ta biyu, malamansa sun san sunansa saboda ajin bai cika maƙil ba, amma hankalinsa na Samaru ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero, don a ce can ya gama. Ban raina tsofaffin jami'o'i ba. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take, kuma ɗakin karatunta da tarin tsofaffin ɗalibanta dukiya ce da jami'ar da aka kafa a 2011 ba za ta tara cikin dare ɗaya ba. Amma idan aka zo neman gurbin digiri na biyu ko tallafin karatu, darajar digiri da wasiƙar malamin da ya san ka da gaske suna yin aikin da sunan jami'a kaɗai ba ya yi. Ga mai kwaɗayin babbar jami'a, digiri na biyu yana nan, kuma ƙofarsa ta fi faɗi nesa ba kusa ba.

Rukunin da nake ganin tsarinmu bai yi wa adalci ba su ne matan da aure ya ɗauke daga wani gari zuwa wani, da ɗaliban da rashin lafiya ko rasuwar mai ɗaukar nauyinsu ta tilasta musu komawa kusa da gida. A yankin da muke kukan ƙarancin mata masu digiri, ba daidai ba ne ɗalibar da ta ci aji biyu a Maiduguri ta ajiye karatu don an kai ta Sakkwato, alhali kwas ɗin nan ana yin sa a can, da manhaja kusan iri ɗaya. Jami'o'i suna iya ware 'yan kujeru kaɗan a kowane sashe don irin waɗannan dalilai, a rubuta sharuɗɗan a fili, a kafa kwamitin da zai duba hujja. A yanzu abin yakan dogara da wa ka sani, kuma alfarma ba ta isa ga 'yar talaka.

Abu mafi sauƙi da jami'o'inmu za su iya yi, wanda ba ya buƙatar ko sisin kwabo daga Abuja, shi ne su riƙa buga adadin guraben da suka rage a kowane sashe kafin su fara sayar da fom ɗin sauyi. Sayar wa mutum ɗari fom a sashen da aka san babu kujera ko ɗaya, ko da doka ba ta hana ba, cin haƙƙi ne. Haka kuma a sa wa'adin fitar da tiranskirif, a riƙa tura shi ta intanet daga magatakarda zuwa magatakarda, a kuma sanar da wanda aka ƙi dalilin ƙin sa, don ya san ko ya gyara ya dawo baɗi ko ya haƙura.

Kafin a kai ga haka, kada ɗalibi ya saki gurbin da ke hannunsa don an yi masa alkawari da baki. Ya ci gaba da rajista, da shiga aji, da rubuta jarrabawa a jami'arsa har ranar da takardar amincewa ta fito daga ofishin magatakardan sabuwar. Idan halin da yake ciki ba zai bar shi ya zauna ba, ya rubuta takardar neman ɗage karatu ta hannun shugaban sashensa, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Jami'o'i da yawa suna ɗaukar wanda ya yi zanguna a jere bai yi rajista ba a matsayin wanda ya janye da kansa, kuma wanda aka cire sunansa a can ba shi da sauran takardar da zai nemi sauyi da ita a nan.